FJR1300 ko VFR800: wanne zai jure hanyoyin Sakkwato?

Na_Mabera:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu manyan babura. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙarfe. An nuna mini mashin biyu na hannu, duka Kwatano: Yamaha FJR1300 ƙirar 2008 da Honda VFR800 mai VTEC ƙirar 2006. Kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Tafiyar da za a riƙa yi ita ce Birnin Kebbi kusan duk mako, Gusau jefi-jefi, sai Kaduna kamar sau uku a shekara, wani lokaci da goyo da kaya. Tsawona matsakaici ne, kuma mashin da hannuna ya saba da shi bai wuce mai inji 250 ba. Yaya kowannensu yake a hannu idan an hau titi? Wanne ne zafin Afrilu ba zai kayar ba? Me zan duba kafin in ƙirga kuɗi? Allah Ya saka da alheri.

Malam_GawonNama:

Wa alaikumus salam Malam. Duk biyun an ƙera su ne don doguwar tafiya da sauri, amma halinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

FJR inji ne mai silinda huɗu a jere, girmansa cc 1298, kuma ƙarfinsa daga ƙasa yake fitowa. A giya ta biyar, wadda ita ce ta ƙarshe a wannan ƙirar (sai 2016 aka ƙara ta shida), kana gudun kilomita 120 injin yana juyi wajen 4,000 ne kawai a minti. Idan tirela ta tare maka gaba bayan Boɗinga, ba sai ka sauke giya ba, murɗa totur kawai ka wuce, ko da mutum a bayanka. Zaman a miƙe yake, hannu ba ya ɗaukar nauyin jiki, gilashin gaba da maɓalli ake ɗaga shi a sauke, kujera tana da mataki biyu, milimita 805 da 825. Tankinsa lita 25, kuma idan hannunka bai yi nauyi ba lita ɗaya za ta ba ka kilomita 16 zuwa 17. Wato Birnin Kebbi ka je ka dawo da tanki ɗaya, da saura. Ba shi da sarƙa, shaf ne ke juya tayar baya, kuma a garin ƙura irin namu wannan ba ƙaramin hutu ba ne.

Inda yake karɓar haƙƙinsa shi ne nauyi. Da mai a ciki yana dab da kilo 290. Da zarar ya fara tafiya nauyin ɓacewa yake yi, amma a juyawa cikin lungu, ko tura shi baya a ƙofar gida mai gangara, ko tsayawa a gefen titi inda rairayi ya taru, za ka san da shi. Idan ƙafa ta zame ya karkata ya wuce wani mizani, babu mai riƙe shi, sai dai a sake shi ya kwanta. Robar jikinsa da madubi da akwatin gefe su ne ke biya, kuma ba a rumfar kayan Bajaj ake samunsu ba.

VFR kuwa cc 782 ne, silinda huɗu a siffar V, kuma ya fi FJR sauƙi da kusan kilo 45. Ya fi daɗin karkatarwa a kwana, ya fi saurin amsa hannu, sautinsa ma daban ne. Amma zamansa da ɗan sunkuyo: nauyi yana sauka a wuyan hannu, gwiwa tana naɗewa sosai. A kan titi iska tana tallafe ƙirji, ba ka ji. Cikin cunkoson wajen Babbar Kasuwa za ka ji. A gudun 120 yana juyi wajen 5,000, kuma don wuce babbar mota da goyo sai ka sauke giya ɗaya ko biyu. VTEC ɗin nan ma'anarsa: a ƙasa kowace silinda da bawul biyu take aiki, sai juyi ya kusa 7,000 sauran biyun su shigo. A lokacin sauti yana canzawa, mashin ya ɗan zabura. A ƙirar 2006 an sassauta zaburar idan aka kwatanta da ta 2002 zuwa 2005, amma tana nan, don haka kada ta same ka a tsakiyar kwana mai tsakuwa.

A ganina, tafiyar Kaduna da goyo da kaya aikin FJR ce. Wanda ke baya ya fi samun fili, akwatunan kuma da su aka ƙera shi. Idan yawancin tafiyar kai kaɗai ne, VFR ya isa har ya yi yawa.

Bakanike_Sahara:

Abin da Malam ya faɗa haka yake. Ni ɓangaren dubawa zan taɓa, don mashin mai shekara kusan ashirin ba sunansa ake saye ba, lafiyarsa ake saye.

Ka je da safe, ka ce kada a tayar kafin ka iso. Sa hannu a kan salansa kusa da inji ka tabbatar da sanyi yake. Inji mai matsala da ɗumi yake ɓoye ta. Idan an tayar ka saurara minti ɗaya na farko: ƙarar kacau-kacau kamar ana jan sarƙa a kan kwano alama ce ta abin da ke ɗaure sarƙar taimin ya saki. Duk biyun an san su da wannan. A VFR guda biyu ne, na gaba da na baya. Canza shi ba babban aiki ba ne, amma barinsa babban aiki ne, don in sarƙar ta tsallake haƙori bawul da fistin za su gaisa.

Sai wuta, kuma a VFR nan ne gaba ɗaya maganar take. Ka tafi da mitar auna wuta. Batir, mashin a kashe, ya nuna volt 12.5 zuwa 12.8. A tayar, a kunna babbar fitila, a riƙe juyi a 5,000: ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da 13 ba ya caji, sama da 15 dafa batir yake yi. Kada ka tsaya a nan. A bar shi ya yi zafi har fanka ta tashi, a sake aunawa, domin rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar cajin batir, in tana shirin mutuwa da sanyi lafiya lau take nunawa. Daga nan a nemo soket ɗin da wayoyi uku masu ruwan ɗorawa suka shiga, waɗanda suka fito daga koyil. Zare shi ka duba ciki. Idan robar ta yi launin ƙasa-ƙasa ko ta narke, ko kana jin ƙaurin ƙuna, ka san inda za a fara kashe kuɗi. Dalilin mai sauƙi ne: bakin wayar yana yin tsatsa ko ya saki, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar, wurin ya yi zafi, zafin ya ƙara sakin bakin. A ƙasa mai sanyi abin yana ɗaukar shekaru. A nan rani ɗaya ya isa. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a yanke soket ɗin a haɗa wayoyin kai tsaye da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a sa rektifaya irin MOSFET wadda ba ta ɗaukar zafi kamar tsohuwar. A auna wayoyin ukun kuma: bibbiyu su ba da lamba ɗaya, kuma ko ɗaya kada ta haɗu da jikin inji.

Maganar zafi. Lagireton VFR guda biyu ne, a gefe da gefe suke, ba a gaba ba. Idan ana gudu lafiya lau, amma a tafiyar hawainiya iska ba ta ratsa su sosai, sai lambar zafin inji ta haura digiri 100, fanka ta tashi wajen 105. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi, matuƙar lambar tana sauka idan fanka ta tashi. In tana ci gaba da hawa, a duba murfin lagireto, a duba ko laka da ƙwari sun toshe ramukan. FJR nasa a gaba yake, babba, ya fi jure cunkoso. Na farko-farko, kafin 2006, su ne suka yi suna wajen gasa ƙafar mai tuƙi. A 2006 aka gyara hanyar fitar iskar, don haka na 2008 da sauƙi. Da sauƙi na ce, ban ce babu ba. A watan Afrilu da rana tana haura digiri 40, duk wanda ka hau cikin gari cinyarka za ta shaida.

Kowanne ka saya, a zubar da ruwan da ya zo da shi a sa sabo: rabi maganin sanyaya inji, rabi tataccen ruwa. Ba ruwan rijiya ba, ba na leda ba, don gishirin da ke ciki shi ke toshe lagireto daga ciki. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batir ya yi, amma ka tabbatar ba mai asid aka miƙo maka ba.

Abu na ƙarshe, saitin bawul. Littafin Honda ya ce a duba duk kilomita 24,000, na FJR kuwa sai wajen 40,000. Na VTEC aiki ne mai cin lokaci, yana buƙatar wasu 'yan ƙusoshi na musamman da ake sawa a kulle bawul ɗin kafin a auna, kuma ba kowane bakanike ya taɓa buɗe shi ba. Wanda bai taɓa ba kada ya koya a kan naka. Ka duba agogon ma: in daga Amurka ya fito mil yake ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 kafin ka san tafiyar da ya yi.

Dan_RunjinSambo:

Ku gafarce ni manya, ni ina da ja kaɗan. Duk bayanin da anka yi daidai ne, amma ba a taɓo abin da ya fi kayar da irin wanga mashin a hanyoyinmu ba, wato ƙafa.

Duka biyun taya ɗaya suke sawa: 120/70 a gaba, 180/55 a baya, wili inci 17 na alminiyam. Wagga taya ba ta da kauri a gefe, tsakanin kwalta da wili bai fi faɗin yatsu huɗu ba. Ka faɗa rami mai kaifin baki da gudu 100, tayar za ta matse har ƙarfe ya daki bakin ramin, wili ya lanƙwashe, iska ta fita nan take tunda babu tiyub. Wili irin wannan in ya tsage ba a yarda da waldarsa. Ga shi kuma cikinsu a ƙasa yake, tsakaninsa da titi bai wuce santimita 13 ba. Tudun rage gudu da mutanen gari kan yi da kansu a garuruwan kan hanya, wasu sun fi haka tsawo. Da goyo, salansa ko ƙasan roba sai ya gurza. Dabarar ita ce a zo a hankali, a saki birki kafin tayar gaba ta hau don shokazoba ta miƙe, a hau shi a ɗan karkace.

Shi ya sa nake cewa wanda zai baro 250, kuma Gusau na cikin lissafinsa, ya kalli Suzuki V-Strom 650 ko Kawasaki Versys 650 kafin ya yanke. V-Strom tayar gabansa inci 19 ce, cikinsa ya fi tashi daga ƙasa, nauyinsa bai kai 220 ba, lita ɗaya tana wuce kilomita 20. Ba ya da ƙarfin waɗancan, amma gudun da hanyar ke bari a yi, shi ma yana yinsa. Kilomita 120 a awa mita 33 ce duk daƙiƙa. Jaki ko raƙumi ya fito daga bayan geza, kafin hannu ya kai birki ka ci mita talatin ko fiye. Kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa huɗu take yi. Ƙarfin doki 140 da ɗoriya na FJR babu inda za a sake shi tsakanin Dange da Talata Mafara.

In kuwa zuciya ta riga ta zauna kan ɗayan biyun nan, to a duba shekarar taya. A gefenta akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2317 na nufin mako na 23 a 2017. Duk wadda ta haura shekara biyar zuwa shida a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, don robar ta bushe, kuma kwaltar azahar ba ta yi mata uzuri. FJR a nema mai taya mai alamar GT, irin Michelin Road 6 GT ko Bridgestone T32 GT, waɗanda anka ƙarfafa don mashin mai nauyi. Iska a auna da safe taya na sanyi, da ma'aunin kanka ba na mai faci ba. VFR psi 36 gaba, 42 baya. Na FJR a bi takardar da ke manne a jikinsa. Kada a rage iska wai don zafi; tayar da ba ta cika ba ita ta fi yin zafi, don lanƙwasa take yi tana miƙewa duk juyi.

Kuma a sayi kayan toshe huda, igiyar roba da allurarta da ɗan famfo mai aiki da batir, a ajiye ƙarƙashin kujera. Mai facin bakin hanya da ƙarfen ɓanɓare tayar mota zai zo ma wilinka.

Na_Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Maganar wili ta shige ni. Zan nemi V-Strom in gwada zama a kai, amma har yanzu hankalina ya fi karkata ga FJR saboda goyo. Saura tambaya biyu: man gidajen mai namu ya dace da su? Kuma wane baƙin mai zan sa, duk tafiya nawa?

Bakanike_Sahara:

Fetur ɗinmu zai yi musu, duk biyun ba masu tsananin zaɓen mai ba ne kamar mashinan tsere. Abin tsoro datti da ruwa ne. Injekta suke amfani da ita, famfon mai yana cikin tanki, kuma man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Saboda haka abu biyu ke kashe shi: yawo da tanki kusan a bushe, da man galan na 'yan bumburutu. Ka mayar da rubu'in tanki shi ne ƙarshensa. In za ka Kaduna ka cika a Sakkwato, ka ƙara a Gusau ko Funtuwa a gidan mai da motoci ke yawan shiga, kada ka jira fitila ta kunna. In dole ta sa ka sayi na galan, a tace da kyalle mai tsabta. Kafin ka biya kuɗin mashin ɗin ma ka haska cikin tankin da tocila. Wanda ya daɗe a ajiye a jirgi da wurin dillali yakan yi tsatsa a ƙasa, tsatsar kuma a matatar famfo take ƙarewa. Alamarta mashin ya yi lafiya a ƙaramin gudu, in an murɗa sosai ya riƙa shaƙewa.

Baƙin mai: 10W-40, ko 15W-50 a tsakiyar rani, amma lallai a ga JASO MA ko MA2 a jikin galan. Kulocin waɗannan a cikin mai yake wanka. Man mota na zamani yana da sinadarin ƙara santsi, shi ke sa kuloci ya fara zamewa: ka murɗa, juyi ya hau, gudu bai ƙaru ba. FJR yana shan lita 4 idan an canza da filta, VFR lita 3 da ɗan kai. Littafi ya ba da tazara mai tsawo, amma da ƙurarmu da zafinmu kada ka wuce kilomita 5,000, filta kuma duk canji. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, ka duba hatimin murfi, ka tsaya a buɗe a gabanka.

Matatar iska ita ce ran injin a lokacin hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a buɗe ta duk kilomita 2,000 zuwa 3,000. Ta takarda ce, ba a wanke ta da fetur ko ruwa. A kaɗe ta a hankali, in za a hura iska a hura daga ɓangaren mai tsabta zuwa waje, kuma in an ɗaga ta a rana haske bai ratso ba a canza. Ka shafa yatsa a cikin akwatin bayan matatar: in ka ga ƙura a nan, bakin bai zauna daidai ba, injin yana shan rairayi.

FJR yana da wani ɗan mai a gidan giyar tayar baya, kimanin lita 0.2 ne kawai. Mutane suna mantawa da shi saboda an ce shaf ba ya son komai. A canza shi tun farko, a duba ko yana tsattsafowa a jikin wili. In VFR ne, sarƙa a wanke da kananzir, a shafa mai kaɗan duk kilomita 500, a goge abin da ya yi saura, don mai da yawa ƙura yake tarawa ya zama kamar sanfefa. Sakinta ya tsaya tsakanin milimita 25 da 35. Man birki DOT 4, duk shekara biyu. A FJR na 2008 ɗin, fitilar ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, ta kunna idan an buɗe makulli, ta mutu daga baya. In ba ta kunna ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala.

Malam_GawonNama:

Tunda FJR zuciya ta fi so, ga abin da zan ƙara, Malam. Kada ka ɗauki kowa a baya sai ka yi aƙalla wata guda kai kaɗai. Nemi fili mai kwalta da sassafe ka koyi juyawa a ƙaramin gudu: kuloci rabi, totur kaɗan a tsaye, ƙafa a kan birkin baya, ido inda za ka, ba ƙasa ba. Birkin gaba idan kan mashin a karkace yake, a gudun tafiyar ƙafa, shi ne ke kwantar da mutane. Wurin ajiyewa kuma a duba ƙasa. Jakin gefe yana nutsewa a rairayi, har a kwaltar da rana ta tausasa, don haka ɗan faifan katako a aljihu yana da amfani. Kullum a ajiye shi hancinsa yana kallon tudu.

Ranar goyo, akwai ɗan hannu a gefen mashin da ke mayar da shokazobar baya daga taushi zuwa tauri. A mayar da shi tauri, in ba haka ba baya zai zauna, gaba ya yi sauƙi, fitila ta koma haska sama. Kaya masu nauyi a raba su daidai a akwatunan gefe, kowanne kada ya wuce kilo 10, na saman baya a bar shi ga marasa nauyi.

Gilashin gaba a rani a sauke shi ƙasa don iska ta samu ƙirji, a hunturu a ɗaga. Idan tirela ta taho daga gaba a matsa gefen hannunka, a riƙe tanki da gwiwa, a sassauta hannu. Robar jikinsa faɗi gare ta, iskar tana bugunta. Hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, kai da na bayanka. Babbar riga da bakin zane a tattare su, kada su yi lilo kusa da taya. Idan zafi ya haura digiri 40, iskar da ke bugun fata ƙara mata zafi take yi, don haka jaket mai ramuka a kan riga mai dogon hannu da aka jiƙa ya fi tafiya da singileti. A sha ruwa duk awa ɗaya ko ba a ji ƙishi ba.

Hanyar Gusau da rana ake binta, a tambayi direbobin tasha halin da take ciki kafin a tashi, a lissafa isa tun kafin la'asar. Takardar kwastam kuma a gwada lambar da ke cikinta da wadda aka buga a wuyan firam, harafi da harafi, kafin kuɗi su bar hannunka. Lasin ɗin babur aji A ne.